IDO A TUKUNYA, KUNNE A AKWATI

Akwai wata tambaya da na daɗe ina son in yi wa magidanta 'yan'uwana, musamman irinmu waɗanda neman abinci ya kawo mu Kudu, muka kama ɗaki biyu da falo muka ajiye iyali. Tambayar kuwa ita ce: a cikin awoyin da akwatin talabijin yake yi a kunne a gidanka kowace rana, awa nawa ne ake samun wani mahaluki zaune a gabansa, ya zuba masa ido, hannunsa ba ya riƙe da kome? Kada mai karatu ya yi gaggawar ba ni amsa. Ya bari sai ranar da ba ya fita aiki, ya zauna ya lura da kansa. Na tabbata abin da zai gani shi ne akwati yana ta zuba zance shi kaɗai, kujeru babu kowa, uwargida tana madafa, ko tana bayan ɗaki wajen shanya, ko kuwa ta ba akwatin baya tana ninke kaya. Amma ka kuskura ka miƙa hannu ka kashe shi. Kafin ka ajiye rimot za ka ji murya daga madafa tana cewa, "Haba Malam, ina kallo fa!"

Mu maza mun saba ɗaukar wannan magana abin dariya, wasunmu ma sukan mai da ita abin faɗa, balle yanzu da kuɗin wuta ya kai inda ya kai. Wane irin kallo ne ake yi da ƙeya? To, ni dai ra'ayina gaskiya ta faɗa. Kalmar "kallo" ce kurum ta yi wa abin kaɗan, domin aikin da akwatin nan yake yi a gidajenmu yau ya bambanta da wanda aka sayo shi dominsa.

Sa'ad da talabijin ya shigo ƙasar nan, watau a 1959 da gwamnatin Jihar Yamma ta Cif Obafemi Awolowo ta buɗe tasha a Ibadan, da kuma 1962 da aka buɗe ta Kaduna a zamanin Sardauna, kallonsa sha'ani ne mai zaman kansa, kamar zuwa hawan salla. Har bayan da aka kafa hukumar NTA a 1977 ta haɗe tashoshin ƙasa, akwatin bai zama kayan kowa ba. Mahaifina yakan ba mu labari cewa a unguwarsu a Zariya gida ɗaya ne yake da shi, kuma ranar da za a nuna Samanja Mazan Fama, wasan marigayi Usman Baba Pategi, ko wani wasa na marigayi Ƙasimu Yero, tun kafin magariba ake kama wuri. Mu da aka haifa wajen 1990 mun tarar da wutsiyar wannan zamani. Ina iya tunawa tasha ba ta buɗewa sai da la'asar, mu kuwa tun kafin lokacin mun wanke ƙafa mun jeru bisa tabarma a falon maƙwabci, muna kallon zanen launi-launi da ke tsaye a fuskar akwati, muna jiran a buga taken ƙasa. Wanda ya yi surutu a kore shi. Wanda bai sami shiga ba ya leƙa ta taga. Ba wanda zai yi tunanin tsince shinkafa a irin wannan wuri, gama abin da ya wuce ka ya wuce ka ke nan, ba a maimaitawa, gobe kuwa a makaranta za a yi ta labari kai kana zuru.

Rediyo shi ne ba a yi wa wannan ladabi. Tun da Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shiri a 1957, da kuma shekarun da Rediyon Kaduna yake cin kasuwarsa da Zaɓi Sonka, Bahaushe ya san rediyo abokin aiki ne. Tela yana taka keke yana ji, mai shayi yana fifita gawayi yana ji, manomi ya rataye shi a reshen bishiya yana huɗa. Ba wanda ya taɓa cewa tela ba ya sauraro don idonsa yana kan allura. Abin da ya faru da talabijin a hankali a hankali, bayan ya yi araha, tashoshi suka yi yawa, suka daina rufewa da dare, shi ne ya sauko daga kujerar baƙo ya koma mazaunin rediyo. Gani ya kori ji, in ji masu magana, amma a tsakar gidajenmu ji ne ya dawo ya kori gani.

Wannan abu ban san cikinsa sosai ba sai bara, lokacin da maiɗakina ta tafi gida Zariya haihuwar fari. Kowa ya san al'ada: goyon ciki, sa'an nan suna, sa'an nan wankan jego na kwana 40, sa'an nan kuma ɗan abin da iyaye sukan ƙara da kansu ba tare da sun nemi shawarar miji ba. Jimla dai na yi wata 4 ni kaɗai a Agege. Ni ne mai wanki, ni ne mai shara, ni ne mai wanke-wanke, kuma tun da aljihun ɗan jarida ba ya jure cin abincin saye kullum, ni ne mai dafuwa.

Abu na farko da na gane shi ne wuta ce take tsara aikin gida, mai aikin ba shi da ta cewa. Mai karatu ya san halin da ake ciki. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, tayar da inji don a yi guga ya zama sai mai hali. Saboda haka da zarar an kawo wuta, ko da ƙarfe nawa ne, sai gida ya rikice kamar an buga gangar yaƙi. A jona dutsen guga, a jona waya da fitila, a yi markaɗen kayan miya, a tura ruwa cikin tanki, duk a lokaci guda, gama ba wanda ya san ko minti 20 za ta yi ko awa 6. To, shi ma akwatin a wannan lokaci ne kaɗai yake da rai. Ka ga ashe lokacin kallo da lokacin aiki guda ne, ba a iya raba su. Wanda ya ce a gama aiki tukuna sa'an nan a zauna a yi kallo cikin natsuwa, lalle ko dai yana da hasken rana a rufin gidansa, ko kuwa wani ne yake yi masa guga.

Haka na fara. In dawo daga ofis wajen ƙarfe 9 na dare, in tarar da wuta, in shimfiɗa bargo a kan tebur, in ɗauko shaddata da na sa wa sitati, in kunna akwati. Da fari labarai nake nema, bisa ga sabo. Daga baya sai na ga ina barinsa inda maiɗakina ta saba barinsa, watau tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, inda ake nuna Daɗin Kowa da Kwana Casa'in da sauran wasanni masu dogon zango. Ban yi sati 3 ba sai ga shi na san kowa da kowa a cikinsu, na san mai munafunci, na san wadda ake zalunta, na san wanda bashi ya yi wa katutu, alhali da za ka haɗa ni da wasunsu a hanya ba lalle in shaida fuskarsu ba. Da murya na san su.

Akwai gwaninta a cikin wannan irin kallo, kuma ina ganin ba a ba mata haƙƙinsu a kanta ba. Kunne ne yake yin gadi, ido yana wurin aiki. Muddin magana tana tafiya daidai, kai ma hannunka yana tafiya daidai. Amma da zarar kiɗan da ke ƙarƙashin magana ya sauya, ko murya ta ɗaga, ko kuwa aka yi shiru wanda ya wuce kima, sai kunne ya aika wa ido. Shirun nan ma ya fi kome kira, gama a cikin wasa ba a yin shiru sai an buɗe ƙofa an ga wanda ba a zata ba. Sai ka tsayar da dutsen guga bisa gindinsa, ka ɗaga kai na ɗan daƙiƙa 5, ka ga wanda ya shigo, ka ce "Na san za a rina," ka koma kan hannun riga. A wasa na rabin awa, in ka tara duk ɗaga kan da ka yi, da ƙyar ya kai minti 3, amma ba abin da ya kuɓuce maka.

Sa'an nan kowane aiki da shirin da ya dace da shi. Guga da ninke kaya da gyaran wake suna tafiya da kowane wasa, domin kana tsaye ko zaune wuri guda. Wanke-wanke yana son a ƙara murya, saboda ƙarar famfo da kwanuka. Yankan albasa da wuƙa mai kaifi ba ya son wasan da ake yawan mamaki a cikinsa. Tuƙin tuwo kuwa, daga lokacin da ka zuba gari a kan talge har ka sauke muciya, ba ya haɗuwa da kome, sai dai a jira talla. Ta ɓangaren shirye-shirye kuma, fim ɗin Indiya da aka juya zuwa Hausa ya fi kowanne sauƙi, tun da masu fassarar ba su barin wuri ba magana, har abin da ɗan wasa bai faɗa ba sukan faɗa masa. Fim ɗin da ake rubuta fassararsa a ƙasan hoto ba shi da amfani ga mai aiki ko kaɗan. Ƙwallon ƙafa kuwa mugun abokin guga ne: mai sharhi yana ihu a kan abin da bai kai ya kawo ba, ranar da za a ci ƙwallo kuma kafin ka ɗaga kai ta riga ta shiga raga. A nan ne na gane dalilin da ya sa mu maza muke ganin kallo sai an zauna. Abin da muka fi kallo ne yake bukatar zama, kuma mun saba akwai mai yi mana abin da zai hana mu zaman.

Kada mai karatu ya zaci masu shirya wasannin nan ba su san da wannan ba. Sun sani sarai, kuma ba yau aka fara ba. A Amurka, cikin shekarun 1930, kamfanonin sabulu irin su Procter & Gamble ne suka riƙa ɗaukar nauyin wasannin rediyo na minti 15 da ake sawa da rana, don matan aure su ji suna aikin gida, a tallata musu sabulu a tsakani. Dalilin da ya sa har yau Turawa suke laƙaba wa irin wannan wasa sunan sabulu ke nan. Ɗaya daga cikinsu, mai suna Guiding Light, ya fara a rediyo a 1937, ya koma talabijin, bai tsaya ba sai a 2009, watau shekara 72. Sirrin irin wannan wasa shi ne tafiyar hawainiya da maimaici. Abu ɗaya zai faru, sai wannan ta je ta gaya wa waccan, waccan ta je ta gaya wa mijinta, mijin ya je ya gaya wa abokinsa a majalisa. Mai kallo da ido biyu yakan ƙosa ya ce ana jan labari. Amma wadda ta fita kwashe shanya sa'ad da abin ya faru, a bakin ta biyu ko ta uku za ta tsince shi. A 'yan shekarun nan ma marubutan fim a ƙasashen Turai da Amurka sun yi ta ƙorafi a jaridu cewa ana umurtarsu su sa ɗan wasa ya riƙa faɗin abin da yake yi da bakinsa, saboda an san mai kallo idonsa yana kan waya. Su waya ce ta ɗauke musu ido, mu kuwa tukunya ta riga waya.

Mu ma a makaranta, sa'ad da nake karatun difloma a aikin jarida da watsa labarai, an koya mana cewa rubutun jarida daban, rubutun rediyo da talabijin daban. Mai karanta jarida in bai gane ba yana iya komawa baya ya sake karantawa. Mai sauraro ba shi da wannan dama. Don haka aka ce a gajarta jimla, a sa magana ɗaya a jimla ɗaya, a rage lambobi, a maimaita muhimmin abu a ƙarshe. Mun rubuta wannan a jarrabawa mun ci. Amma wanda muke hangowa a zuci sa'ad da muke rubutu mutum ne zaune a kujera ya harɗe ƙafa. Ba mu hango mace mai goyo a baya, mai ludayi a hannu, wadda rabin jimla ya same ta a falo, sauran rabin kuma ya same ta a bakin famfo.

A nan ne abin ya daina zama na raha. Wasan kwaikwayo yana yafe wa mai rabin kunne, labarai ba su yafewa. Mai karatu zai tuna da zamanin canjin kuɗi. A watan Oktoba na 2022 Babban Bankin Nijeriya ya ba da sanarwar sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000. Aka sa wa'adin 31 ga Janairu 2023, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Ranar 16 ga Fabrairu da safe Shugaba Muhammadu Buhari ya yi wa ƙasa jawabi, ya ce tsohuwar naira 200 za ta ci gaba da yawo har 10 ga Afrilu, amma ban da 500 da 1,000. Akwai wata baiwar Allah a layinmu, mai sayar da waina da miyar taushe, wadda akwatinta yake kunne a cikin shago tana waje gaban tanda. Jawabin da Turanci aka yi shi, Turancin nata kuwa na kasuwa ne. Abin da ya iso kunnenta ta cikin ƙarar suya shi ne Shugaba ya ce a ci gaba da karɓar tsohon kuɗi. Ba ta yi ƙarya ba, ya faɗa. Rabin da ya rage ne bai iso ba. Ranar nan duk wanda ya miƙo tsohuwar 500 ko 1,000 ta karɓa da murna, har ta yi mamakin yadda ciniki ya buɗe. Kashegari ta je sayen shinkafa da mai, aka ƙi karɓa. Jarinta ke nan gaba ɗaya. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa tsofaffin takardun duka suna nan da darajarsu, amma kafin 'yan kasuwa su saki jiki su koma karɓa an ƙara kwanaki. Kusan wata guda tandarta tana kife, sai da mata 'yan adashinsu suka tara mata abin da ta tayar da wuta.

Mutanen layi sun yi ta cewa laifinta ne, me ya hana ta zauna ta ji da kyau? Ni ban ga wurin zaman ba. Ƙarfe 7 na safe ne lokacin cinikin waina, wanda ya tashi daga gaban tanda a lokacin nan ya tashi daga abincin 'ya'yansa. In akwai gyara, a wurinmu yake, mu masu sana'ar isar da magana. Labarin da ya shafi aljihun talaka, ko allurar rigakafin yaro, ko ranar rufe rajista, ya kamata a gina shi yadda ko wane yanki mutum ya tsinta ba zai kai shi rami ba. "Naira 200 kaɗai, ban da 500, ban da 1,000," a faɗa a farko, a faɗa a tsakiya, a faɗa a ƙarshe, da harshen da mai tanda take ji. Masu tallan sabulu sun san wannan dabara shekara 90 da suka wuce. Mu masu labarai muna ganin maimaici ya rage mana daraja.

Duk da haka, ba wannan ne babban abin da wata 4 ɗin nan suka nuna mini ba. Babban abin shi ne dalilin da ya sa ake kunna akwatin tun asali.

Na tashi a gidan yawa. Mahaifiyata da abokiyar zamanta da matan baffannina, ga kakarmu a ɗakinta na kusa da rijiya. Ban taɓa ganin mace tana aiki ita kaɗai cikin shiru ba. In ana surfe mutum biyu ko uku ne a kan turmi, taɓare suna amsa wa juna. In ana tankaɗe, wata tana gefe tana tsifar kai, wata tana ɗinkin hula, wata ta leƙo daga maƙwabta aron rariya ta zauna ta yi awa guda. Hira tana gudana, ba wadda ta ajiye aikinta don ta saurara, ba kuma wadda take kallon fuskar mai magana. Ido yana kan faifai, kunne yana kan zance. In an zo wurin da ya yi daɗi a ɗaga kai, a tafa, a ce "Ke dai bari," a koma kan aiki. Wanda ya auri wa, wadda ta yi yaji, wanda ya dawo daga Makka da haƙorin zinariya, wadda surukarta ta sa a gaba. Mai karatu ya duba da kyau, ashe ba wannan ne Daɗin Kowa ba? Ashe ba irin wannan saurare ne na kwatanta a sama ba, har da ɗaga kan?

To, ka ɗauko yarinyar da ta tashi a irin wannan gida, ka kawo ta Ikko, tafiyar yini da kwana a mota, ka sa ta a ɗaki biyu a hawa na biyu. Ka fita ƙarfe 6 na safe don gudun cunkoso, ba ka dawowa sai bayan lisha. Maƙwabciyarta ta dama Bayarabiya ce mai kirki amma tana fita kasuwa, ta hagu ma'aikaciyar asibiti ce. Ikko ba ta rasa ƙara, akwai inji, akwai ham na mota, akwai lasifika ta kowace kusurwa, amma duk cikinsu babu mai yi mata magana da harshen da take mafarki da shi. Awa 14 ke nan kowace rana. Aikin gidan bai kai na gidan yawa nauyi ba, babu daka, babu jan ruwa a rijiya, amma nauyin shiru ya maye gurbinsa.

Ni namiji ne, ina wuni a ɗakin labarai cikin hayaniyar abokan aiki, amma ranar Lahadin farko da na tsaya wanki ni kaɗai ba wuta, na ji motsin agogon bango kamar ana buga ƙusa. Da na yi wa maiɗakina waya da dare na ba ta labari, sai ta yi dariya ta ce, "Malam, ai ni in an ɗauke wuta waya nake kunnawa in sa a aljihun zane, ko me ake cewa. In dai na ji ana Hausa a gidan, sai in ji kamar da mutane." Ta faɗe shi ne kamar abin da ba kome ba, ta wuce zuwa zancen ragon suna.

Ba ina cewa akwati ya maye tsakar gida ba ne, ko kusa. Akwati ba ya amsa sallama. Ba ya karɓar miki yaro ki yi wanka, ba ya ɗanɗana miya ya ce gishiri ya yi kaɗan, ba ya lura cewa yau idonki ya kumbura ya tambaye ki ko lafiya. Hirar tsakar gida kina da baki a cikinta, wannan kuwa zuba miki ake yi, a tsakani kuma a tallata miki madara da man shafawa. Ina kuma da damuwa a kan yaran da suke tashi a ɗakin da murya ba ta yankewa daga safe har dare, muryar da ba ta jiran amsarsu. Yaro da mutum yake koyon magana, mai duban idonsa ya ce masa "ce Baba". Amma duk wanda zai yi wa mata wa'azin kashe talabijin, ya fara gaya mini abin da ya tanadar musu a madadinsa. Da babu gara ba daɗi.

Da wata 4 suka cika, aka rako maiɗakina da jaririya. Gwaggonta ce ta rako ta, ƙanwar mahaifinta, dattijuwa mai shekara wajen 60, wadda ba ta taɓa zuwa Ikko ba. Kwana 17 ta yi mana. Ranar da suka iso da dare akwai wuta, na kunna akwati don in karrama baƙuwa, aka dace ana karatun Alƙur'ani a wata tasha. Maiɗakina ta tashi za ta shiga madafa, ni kuma na jawo jakunkuna ina kwancewa. Sai Gwaggo ta ce, "Ɗan nan, in za ku saurara ku zauna ku saurara, in kuwa aiki za ku yi ku kashe. Wannan ba a yi masa rabin kunne." Na ce, "To Gwaggo," na kashe.

Daga ranar, ban da labaran ƙarfe 9 da nake kunnawa in na dawo da wuri, akwatin nan bai ƙara yin magana ba, kuma ba wanda ya hana. In na fito da asuba ina jin su a madafa, Gwaggo tana dama kunun kanwa tana ba da labarin wata jikar maƙwabta da aka fasa aurenta ana saura kwana 3, maiɗakina tana wanke kayan jaririya tana cewa "Kai Gwaggo, don Allah?" In na dawo da dare in tarar suna gyaran zogale a faifai ɗaya, an kai ga labarin gadon wani gida a Tudun Wada wanda aka shekara 9 ana shari'a. Har mai wainar layinmu ta gano akwai tsohuwa a gidan, ta riƙa hawowa bayan azahar da ɗan kwanonta, Bayarabiyar maƙwabciyarmu ma ta shigo ganin jaririya ta zauna ana yi da hannu da ka. Wani sati aka yi kwana 2 ba wuta, ban ji wanda ya ambata ba sai ni da nake neman cajin waya. Na tambayi maiɗakina ko ba ta son sanin inda aka kwana a wasanta, ta ce in bari kawai, ta ji a bakin ƙanwarta.

Ranar Asabar na kai Gwaggo tasha a nan Agege, na sa ta a safa mai zuwa Zariya, da buhun garin rogo da galan na manja da ta ce a saya wa mutanen gida. Ta yi mana addu'a mai tsawo, ta ce in riƙa barin yarinyar nan tana zuwa gida ko da sau ɗaya a shekara, na ce in Allah ya yarda. Na biya ofis na duba shafukan da za su tafi ɗab'i, ban koma gida ba sai bayan magariba. Tun daga matakala na jiyo muryar wani dattijo yana faɗa a kan kuɗin haya, wata mata tana ba shi haƙuri. Na yi sallama na shiga. Falo babu kowa, fuskar akwati tana haska kujeru. Maiɗakina tana madafa da jaririya a baya, ta ba ƙofa baya, tana yanka kuɓewa.